Hutu da Yara a Garuruwa da Yawa: Amsoshin Tambayoyin Iyalan Hausawa Mazauna Saudiyya

Da zarar an fara jarrabawar ƙarshen shekara, magana ɗaya ce a bakin iyayen yara, tun daga Shari'ul Mansur a Makka har unguwannin Jidda da Madina da Riyad: bana ina za a kai su? Wasu gida za su nufa, Najeriya ko Nijar. Wasu Masar ko Turkiyya. Wasu kuma so suke su haɗa biyun a fita ɗaya. Tambayoyin nan su ne waɗanda magidanta da iyaye mata suka fi maimaitawa.

Malam, daga ina ake fara shiri? Daga neman tikiti mai sauƙi?

A'a, daga akwatin takardu. A zauna da daddare bayan yara sun kwanta, a baje fasfo da iƙamar kowa, wato katin izinin zama a Saudiyya, a kan tabarma, a rubuta ranar ƙarewar kowacce a takarda ɗaya. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata shida kafin ya mutu ba, kuma na yara ne ya fi shammatar mutane, domin shekara biyar yake yi, iyaye kuwa sai su riƙa ganin kamar jiya aka karɓo shi. Mai fasfon Najeriya zai sabunta a ofishin jakadanci da ke Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, kuma yanzu sai da lambar NIN, har ta yaro. Sunan da ke kan NIN ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, wannan kaɗai ya isa ya cinye makonni. Wata uku kafin tafiya ba wuri ba ne a fara wannan aiki.

Yaya batun huruj da auda na iyali?

Huruj da auda ita ce bizar fita daga Saudiyya da dawowa. Duk mai iƙama, babba ko jariri, ba ya fita ba tare da ita ba. Maigida ne ke fitar wa matarsa da 'ya'yansa ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kowa da tasa. Ta fita sau ɗaya riyal 200 ce zuwa wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100. Ta fita sau da yawa riyal 500 ce zuwa wata uku, kowane ƙarin wata riyal 200. Kafin na'ura ta yarda, sai an biya tarar mota idan akwai, sai kuɗin zaman iyali, riyal 400 a wata kan kowane mutum, ya rufe kwanakin, sannan yaron da ya kai shekara shida sai an ɗauki basmarsa, wato zanen yatsunsa, a Jawazat, hukumar shige da fice. Wannan ta ƙarshe tana kama iyaye da yawa: bara an fita lafiya da yarinya tana 'yar shekara biyar, bana kuma a danna a ga ya ƙi.

Shawarata ita ce kada a yanka kwanaki daidai wa daida. Idan hutun kwana 50 ne, kada a tsaya a kan 60 saboda riyal 100. Yaro zai iya kwantawa rashin lafiya, jirgi zai iya ɗage tashi. Ana iya ƙara kwanaki ta Absher ana waje matuƙar iƙama na da rai, amma kuɗin ƙarin yana ninkawa. A buga takardar kowa a riƙe a hannu, domin a filayen jirgin waje sukan nemi gani kafin su bar mutum ya hau jirgin dawowa, kuma ba kullum intanet ke ba da haɗin kai a gaban kanta ba. A karanta ranar dawowa sau biyu, ta Hijira da ta Miladiyya.

An haifa mana jariri a nan, ba mu riga mun saka shi a iƙama ba. Zai iya tafiya?

Ba zai iya ba. Takardar haihuwa daga Ahwal Madaniyya, wato hukumar rajistar jama'a, sannan fasfo daga ofishin jakadanci, sannan iƙama, sannan huruj da auda. Kowane mataki na jiran wanda ya gabace shi. Kada a biya kuɗin tikitin kowa sai nasa ya kammala.

Gidanmu gauraye ne, wasu da fasfon Saudiyya, wasu da na Najeriya. Biza ɗaya ce?

Kowane fasfo da hukuncinsa. Mai fasfon Saudiyya yana shiga Turkiyya ba biza tun ƙarshen 2023, haka Malesiya. Mai fasfon Najeriya kuwa sai ya nemi biza tun daga nan, da takardar aiki da bayanan banki da shaidar masauki. Don haka ranar tafiya tana bin fasfon da ya fi wahalar samun biza a gidan. 'Yan ƙasa da ba su kai shekara 21 ba suna buƙatar izinin fita daga waliyyinsu ta Absher. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan hanyarku za ta fita daga wata ƙasa ta sake komawa cikinta, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba.

Muna da kwana goma sha huɗu. Gari nawa za mu iya zagawa?

Biyu, ko uku idan duk yaran sun yi wayo. Na san amsar ba ta yi wa mutane daɗi, domin wanda ya tara kuɗi shekara guda so yake ya ga komai. Amma a dubi yadda ranar tashi daga gari zuwa gari take a zahiri. An tashi yara da asuba suna kuka, uwa tana naɗe kayan da ba su gama bushewa ba, takalmin auta ɗaya ya shige ƙarƙashin gado. Otal na so a fita kafin azahar, wancan otal ɗin kuma ba zai ba da ɗaki ba sai wajen la'asar. Jirgin da aka ce na awa ɗaya ne, idan an haɗa da zuwa fili da jira da ɗaukar kaya, ya zama awa shida. Wannan ranar ta tafi, kuma safiyar gobe ma ta gajiya ce. Gari biyar a kwana goma sha huɗu na nufin kusan rabin hutun a hanya aka yi shi.

Ma'aunin da nake ba kowa shi ne ƙaramin yaron gidan. Abin da ƙafarsa da barcinsa za su iya ɗauka, shi ne tsarin tafiyar, ba burin babansa ba. Kowane gari a kwana aƙalla huɗu. Kowace rana a sa abu babba ɗaya kawai, da safe, a dawo masauki a yi ƙailula, da yamma a fita wurin da yara za su yi gudu.

Dabarar da ta fi ita ce a kafa sansani a gari ɗaya a riƙa zuwa na kusa a dawo, ko a zaɓi garuruwan da jirgin ƙasa ko na ruwa ya haɗa. A Masar, Alƙahira da Iskandariyya sun isa: kilomita kusan 220 ne tsakaninsu, jirgin ƙasa daga tashar Ramsis yana kaiwa cikin awa uku ko ƙasa da haka. A Alƙahira akwai dalar Giza da babban gidan tarihin da aka buɗe kusa da ita a Nuwamban 2025, da Masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili a gefensa. A Iskandariyya akwai iskar teku da ganuwar Ƙaitbay da ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. A Turkiyya, Istanbul da Bursa: jirgin ruwa na tsallaka tekun Marmara cikin kusan awa biyu, kuma shi kansa jirgin ruwan yara sun fi tuna shi a kan gidajen tarihi. A Bursa a kai su Ulu Jami mai ƙubba ashirin, a hau motar igiya zuwa dutsen Uludag. Trabzon da ake ta yabo yana da kyau, amma ya haura kilomita 1,000 daga Istanbul ta mota. Ko dai a tafi ta sama a ba shi kwanakinsa, ko a bar shi sai wata shekara.

Wane lokaci ya fi?

Yawancinmu ba mu da zaɓi, dogon hutun makaranta ne daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Agusta. To a zaɓi gari daidai da lokacin. Luksor da Aswan na Masar a Yuli zafinsu na haura digiri 40, kuma abin kallon duk a fili yake, ba inuwa. Yaron da ya saba da na'urar sanyaya ɗaki ba zai jure ba. A bar su sai hutun tsakiyar shekara. A arewacin Najeriya da Nijar kuwa lokacin damina ne: gari ya yi kore, iska ta yi daɗi, amma sauro ya yi yawa, wasu hanyoyin ƙauye kuma sun lalace. A kuma duba kalandar Hijira, domin makonnin dawowar alhazai filin jirgin Jidda a cike yake, kujerun zuwa Kano ma haka.

Tikiti ɗaya na duka hanyar, ko in yanki kowane zango daban?

Manyan zangunan a haɗa su a tikiti ɗaya. Shafukan kamfanonin jirgi suna da wurin zaɓar garuruwa da yawa, inda za ka sauka a wani gari ka taso daga wani, misali ka sauka Abuja ka taso daga Kano, ba sai ka koma inda ka fara ba. Amfanin tikiti ɗaya shi ne idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nema muku wani. Idan daban-daban ka yanka, asarar taka ce, sau adadin mutanen gidanka. Akwai kuma ƙa'idar da ke cin mutane: wanda ya ƙi hawa zango ɗaya a tikitin da aka haɗa, sauran zangunan sukan soke gaba ɗaya, har da na dawowa.

A lura da filin jirgi. Istanbul na da biyu, babban a ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma tazararsu ba ƙarama ba ce. A Jidda ma a tabbatar da sala, wato ginin da fasinjoji ke tashi, ko sabuwar ta ɗaya ce ko ta arewa. Mutanen Makka da Madina, jirgin ƙasa na Haramain yana da tasha a cikin sabuwar salar, amma yana da iyakar kaya, bai dace da mai akwati goma ba. Yada zango da yara kada ya gaza awa biyu, kada kuma ya zama na kwana a kan kujera.

Jaririna na da shekara ɗaya da wata goma. Sai na saya masa kujera?

Wanda bai kai shekara biyu ba a cinya yake zama, kuɗinsa kaɗan ne. Amma idan zai cika biyu kafin ranar dawowa, zangon dawowa sai da kujerarsa. A gaya wa kamfanin tun wajen yanka. Lokacin tashi da sauka a ba shi nono ko ruwa ya riƙa haɗiya, yana rage ciwon kunne.

Gida za mu je. Dangina na Kano, na maigida na Katsina, kaka na Zariya, ga 'yar uwa a Abuja. Yaya za mu yi kada wani ya yi fushi?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, kuma yaran da suka tashi a Makka suna da haƙƙin su san kakanninsu, su ji Hausa a bakin tsofaffi, su ci tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yan kawunsu. Amma ba dole ba ne ƙafar ta zama ta ɗan shekara uku kullum. A zauna a gari ɗaya, a sanar da dangi tun kafin a taso, masu ƙarfi su zo su same ku. Ku kuma ku ɗauki yaran zuwa wurin tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba za su iya tasowa ba. Kuɗin motar da za ku ba ɗan uwa ya zo bai kai wahalar kwashe gida guda ba.

Daga Kano, Katsina kusan kilomita 170 ce, Zariya ma ba ta kai haka ba, duk ana iya zuwa a kwana biyu a dawo. Tsakanin Abuja da Kaduna akwai jirgin ƙasa tun 2016, daga Idu zuwa Rigasa. Maiduguri ko Sakkwato kuwa tafiya ce mai zaman kanta. Ba a tafiyar dare da yara, ko wace hanya ce, kuma halin tsaron hanya a tambayi wanda ya bi ta a makon, ba wanda ya bi bara ba. Ba kuma sai duk unguwa ta san ranar da za ku kama hanya ba. Maigida da uwargida su raba kwanakin dangin juna tun suna nan, a rubuce, don kada a je can a fara ja-in-ja a gaban surukai.

Wace rigakafi yara ke buƙata?

Mai zuwa Najeriya ko Nijar yana buƙatar katin allurar shawara. Ana yi wa yaro daga wata tara, katin yana fara aiki bayan kwana goma, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan daga Kano za ku biya ta Alƙahira, can ma za su nemi katin, tunda daga ƙasar da cutar take kuka fito.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin cizon sauro. Yaron da aka haifa a Jidda jikinsa bai san shi ba, kuma kai ma da ka shekara goma ba ka je gida ba, kariyar da kake da ita ta ragu ƙwarai. Kada a ce ai 'yan gida ne. A je wurin likita kafin tafiya ya rubuta maganin kariya daidai da nauyin kowane yaro. Ana fara sha kafin a isa, a ci gaba bayan an dawo. A tafi da gidan sauro, a sa musu dogon hannu da magariba. Zazzaɓi ya taso, a yi gwaji a ranar. Bayan an dawo ma, duk zazzaɓin da ya zo cikin makonnin farko a gaya wa likita ƙarara cewa daga Afirka ta Yamma kuke, domin likitan da bai saba ganin cutar ba zai iya ɗaukar ta mura. Mai yaro sikila ya ga likitansa kafin a yanki tikiti: sanyin jirgi da ƙarancin shan ruwa da gajiya duk suna tayar da ciwon.

Wane magani zan saka a jaka?

Na zazzaɓi, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin ruwan gishiri da sukari saboda gudawa, da maganin da yaro ke sha kullum, duk a jakar hannu. Kowane a cikin kwalinsa da takardar likita. Tramadol da duk mai kodin a ciki suna kai mutum ga hukuma a Masar da Saudiyya idan ba takarda. Kuma kada ku karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da na maƙwabci ne, sai kun buɗe kun gani da idonku.

Tsaraba ta cika akwatuna. Ya za mu yi da ita a sauran garuruwan?

Garin da tsarabar za ta sauka shi ne na farko a tsari. Dabino da turare da jallabiya da abaya a sauke su a gida, sannan a ci gaba da sauƙi. Jirgin sama na ƙasa da ƙasa yakan ba da akwati biyu masu kilo 23, amma jiragen cikin gida da masu araha kasonsu bai kai haka ba, kuɗin ƙarin kilo kuma yana iya fin kuɗin kayan. Kowane yaro a saka masa kaya kala ɗaya a jakar hannu, da famfas na yini guda cur, saboda akwati kan yi nasa balaguron.

Otal ko gidan haya?

Iyali mai yara uku zuwa sama, gida mai kicin da injin wanki ya fi. Otal da yawa ba sa barin mutum biyar a ɗaki ɗaya, sai an kama biyu. Da kicin, uwa za ta dama wa jariri kunu a lokacinsa, yaron da ya ƙi abincin baƙon wuri a dafa masa taliya. A tambayi hawa na nawa ne, kuma akwai lifta ko babu, musamman a tsoffin unguwannin Istanbul masu tudu. Zama kusa da tasha da masallaci ya fi muhimmanci a kan kyan gani daga taga.

Kuɗi fa?

Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, don haka lissafi da sauƙi. Katin mada, na bankunan Saudiyya, yana aiki a waje idan yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, kuma sai an buɗe amfani da shi a ƙasashen waje daga manhajar banki. A raba kuɗi da kati tsakanin maigida da uwargida. Mai ɗauke da kuɗi ko zinare da ya kai iyakar da doka ta sa, sai ya bayyana wa kwastan na Saudiyya. A Najeriya iyakar dala 10,000 ce. A ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai larura, a kuma sayi inshorar tafiya, don ta wurin aiki sau da yawa ba ta tsallaka iyaka. Mai zuwa gida ya sa kuɗin gaishe-gaishe a lissafi tun farko. Yana da yawa, kuma ba a guje masa.

Za mu riƙa yin ƙasaru a duk garuruwan?

A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, da kun shiga sai ku cika. A hanya zuwa gari na gaba ƙasaru ta dawo. Wanda ke bin wata fahimta ya tambayi malaminsa kafin tashi. Yaran da suka tashi suna ganin Ka'aba da ido, a nuna musu yadda ake neman alƙibla: a Kano gabas ake fuskanta, a Istanbul kudu maso gabas.

Ni kaɗai zan tafi da yaran, babansu zai biyo baya. Akwai matsala?

Ki riƙe takardar amincewarsa da sa hannunsa, da kwafin fasfonsa da iƙamarsa, da takardun haihuwar yaran. Jami'an shige da fice sukan tambaya, musamman idan sunan da ke fasfonki bai yi kama da nasu ba. Ki zaɓi jirgin da ba ya yada zango ko da ya ɗan fi tsada.

Ina tsoron yaro ya ɓace mini a cunkoso.

Wanda ya yi ɗawafi da yara a Ramadan ya san maganin. Kowace safiya a ɗauki hotonsu da kayan da suka sa. A saka wa kowa kati a aljihu mai sunan masauki da lambar wayar da ke aiki a ƙasar. A koya musu: in ba ka gan mu ba, tsaya inda kake, ka nemi mai kayan sarki ko mace mai yara. A tasha da kasuwa a faɗa da baki wa ke riƙe da wa, kada uba ya zaci yana wurin uwa, uwa ta zaci yana wurin uba.

Yaushe ya kamata mu dawo?

Kwana huɗu ko biyar kafin a koma makaranta, kuma aƙalla mako guda kafin huruj da auda ta ƙare. Makon ƙarshe na hutu kujeru tsada suke, jirage a cike, wanda jirginsa ya ɗage zai sha wuya kafin ya sami wuri na mutum shida. Barcin yara ma na buƙatar gyara: Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, tana bayan Malesiya da awa biyar, da Turkiyya kuwa agogo ɗaya ne. Daren ƙarshe a kwana a garin da jirgin zai tashi, ba a taso daga Katsina da asuba don jirgin rana a Kano ba.